Kujerar Tsuguno a Ƙofar Gidan Konseye

Tun da rediyo ta faɗi sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi, gidan Alhaji Oumarou da ke Talladje ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Jam'iyyarsa kujeru biyu ta samu a majalisar arondisman, wato gundumarsu ta cikin Yamai, shi kuwa sunansa ne na uku a jerin 'yan takara. Shi ke nan. Mutumin da duk kartiye, wato unguwa, ke kira Konseye, ɗan majalisar gunduma, tun 'ya'yansa na ƙanana ya wayi gari ba konseye ba.

Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne wanda ya haye. Abdoulkarim, yaron da aka haifa a bayan layinsu, ya yi kuɗi ya koma Koira Kano, unguwar masu hali, ba ya tuna hanyar Talladje sai lokacin kampany, yawon neman ƙuri'a. Shi ne kuma wanda ya taɓa neman Balkisa, autar Alhaji, ta ce masa a'a ba wani kwana-kwana.

Balkisa na tsaye bakin madafa mahaifiyarta ta fito da kwanon tuwo daga ɗakin Alhaji yadda ta shiga da shi.

"Inna, yau ma?"

Hajiya Zuwera ta dire kwanon ta yi ajiyar zuciya. "Ko furar bai kurɓa ba. Wai kansa ke sara masa. Na ce ya sha maganin tansiyo, ya ce in ƙyale shi."

Gaban Balkisa ya faɗi. Ita kujerar meri, wato ta konseyen, ba ta dame ta ba, Allah ya sani. Abin da ta tuna shi ne ranar da hawan jini ya kayar da shi a butik, wato shagonsa, bara, aka kawo shi gida ranga-ranga. Ta shige ɗaki ta ɗauki salula, ta kira mutum ɗaya tak da ta san mahaifinta ba ya iya ɗaure masa fuska.

Sumana ke nan, Bazabarme ɗan Lamorde, ma'aikacin jinya a ƙaramin asibitin kartiyensu. Shi ke auna wa Alhaji tansiyo, a nan ne ma ya fara ganin Balkisa ranar da ta rako shi. Shi kuwa Alhaji Bagobiri ne na Tibiri, tsagensa raɗau daga bakinsa har kunne. To, wanda bai san Yamai ba, in ya ji su sai ya rantse faɗa suke.

"Bagobiri, wa ya ba ka izinin zama ubangidanka na tsaye?"

"Ji min ɗan kopto! Ku da ba ku san nama ba sai ganyen zogale, har an yarda a ba ku allura?"

Haka suke kullum. Taubasai ne, kuma tsakanin Bagobiri da Bazabarme babu fushi. Ko a gidan makoki taubashi na iya tsokana, wanda aka tsokana dole ya dara, abin da ya rage masa kawai ya jira ranarsa ya rama. Ranar da Sumana ya turo manyansa neman auren Balkisa, Alhaji sai da ya yi dariya har da hawaye, ya ce a bari zaɓe ya wuce ya tsayar musu da rana.

Ga shi zaɓe ya wuce.

"Sumana, don Allah ka zo," ta ce. "Baba ba ya ci, ba ya sha, ba ya magana."

"Zan zo da abin awo bayan la'asar."

"Ba abin awo nake so ba. Ka zo ka ba shi dariya."

Ya ce da Hausarsa mai ɗan karkata irin ta 'yan Yamai, "Balkisa, yau ba ranar wasa ba ce fa. Mutum ya faɗi zaɓe."

"Ku da kuke wasa har a kan gawa? Duk wanda ya shigo gidan nan sai ya langaɓe kai ya ce sai haƙuri, sai haƙuri, kamar sun zo binne shi. Kai kaɗai ne za ka faɗa masa abin da zai tashe shi. In ba ka yi yau ba, yaushe taubasantakar taku za ta yi rana?"

"To shi ke nan," ya ce yana dariya ƙasa-ƙasa. "Amma in Bagobirinki ya bi ni da sanda, ke za ki tare."

Kaico. Da ta san abin da ta kunno, da ta bar shi ya zo da abin awonsa ya tafi.

*

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. 'Yan jaje suka cika wurin, dattawan kartiye, 'yan kasuwa abokan Alhaji, da samarin fada masu shan shayi da suka yi masa yawon kampany. Alhaji na tsakiya a kan kujerar roba, ya rame a ido, yana amsa gaisuwa da kai kawai. Balkisa na laɓe a bayan ƙyauren get tana leƙe.

Sai ga moton Sumana, wato babur ɗinsa. A bayansa ya ɗaure wata 'yar kujerar tsuguno, irin wadda mata ke zama a kai gaban murhu, ta yi baƙi da hayaƙi. Daga gidansu ya ɗauko ta, ya ƙetaro gada da ita tun daga Lamorde. Ya sauka, ya ɗora ta a ka, ya tako a hankali kamar mai kai kayan sarauta, ya dire ta gaban Alhaji.

"Bagobiri," ya ce da ƙarfi, "na ji an karɓe ta meri. Dama mu Zabarmawa aro muka ba ka. Ga taka ta gado na kawo maka, wannan babu mai ƙwace ta sai mai tuƙa tuwo."

Wuri ya yi tsit. Balkisa ta dafe ƙirji.

Alhaji ya dubi kujerar, ya dubi Sumana. Leɓensa ya motsa. Can sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa daga ciki, har hularsa ta karkace.

"Allah ya isa tsakanina da kai, ɗan kopto! Kawo ta nan. Ai ko a kan wannan na zauna na fi duk Zabarmawan duniya tsawo."

Ya tashi daga kujerar roba, ya tattara babbar riga, ya tsuguna a kan 'yar kujerar, gwiwoyinsa har haɓa. Jama'a suka fashe. Dattawa na tafawa, samari na riƙe ciki. A nan zaune Sumana ya naɗa masa abin awo a hannu, ya sa shi ya haɗiye magani. Da magariba Alhaji ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari.

Balkisa ta kwanta ranar tana jin duk duniya babu mai dabara kamarta.

Abin da ba ta gani ba daga bayan ƙyaure shi ne salular da wani ya ɗaga a cikin taron. Kafin rana ta take washegari, bidiyon ya zaga Talladje. An yanke zuwan Sumana da raha, an yanke amsar Alhaji, an bar wurin da dattijo ke tsugune a kan kujerar mata kawai, aka ɗora masa kiɗa. Daga salula zuwa salula, har 'yan'uwansu na Maradi sai da suka kira suna tambaya ko lafiya.

Wannan bai isa ba. Da yamma magoya bayan Abdoulkarim suka fito zagayen murna, motoci da babura, oda kamar za su tsaga kunne. Kowace mota an ɗaure mata kujerar tsuguno a sama. Da suka zo ƙofar gidan Alhaji suka rage gudu, wasu 'yan mata suka leƙo ta taga suna kiran "Konseyen madafa! Konseyen madafa!"

Wallahi rashin kunya iri-iri ce. Waɗannan ba taubasan kowa ba ne, ba su da hurumin wasa da shi, amma suka ari wasan wani suka mayar da shi wuƙa.

Alhaji na zaune a zaure ya ji komai.

*

Gwaggo Rakiya, yayar Alhaji, ba ta jira an kira ta ba. Da sassafe ta sauka daga taksi, tun daga get take faɗa.

"Ina Balkisar? Fito ki ga aikin mijin da kika zaɓo mana!"

Balkisa ta durƙusa ta gaishe ta. Gwaggo ko amsawa ba ta yi ba.

"Ubanki da ko gwamna ya zo kartiyen nan sai ya miƙa masa hannu biyu, yau shi ne abin dariyar masu tallan ƙosai. Wa ya jawo? Wani mai ɗaure ƙuraje!"

"Gwaggo, wasa ne fa. Taubashinsa ne."

"Taubashi a gidan ubanwa? Mu ma mun san wasa, da shi muka girma. Amma wanda ke neman ɗiyarka ai suruki ne, kunya ke tsakaninku. Wane suruki ne zai tsugunar da uban matarsa a bainar jama'a?" Ta gyara mayafi ta sassauta murya. "Jiya Abdoulkarim ya zo har gidana. Yaro mai ladabi. Ya rantse bai san da zancen kujerun nan ba, ya ce ya tsawata wa yaransa. Ya ce kuma maganarsa ta da tana nan, in an ba shi dama shi zai share wa Alhaji hawaye."

"Shi da ya sa shi kukan?"

"Rufe min baki!"

Hajiya Zuwera dai ba ta ce komai ba, tana ta tsince shinkafa, amma Balkisa ta ga ba ta kare Sumana ba, ita da kullum take ajiye masa dambu. Wannan shirun ya fi faɗan Gwaggo tayar mata da hankali.

Shi kuwa Alhaji ya koma fita butik, ya dawo ya shige ɗaki. Ba ya ambaton Sumana, ba ya ambaton zaɓe. Wani lokaci ta kai masa ruwa ta tarar ya ƙura wa bango ido yana motsa baki shi kaɗai. Ta ce a ranta, shi ke nan, baƙin ciki ya gama cin Baba, kuma ni na jawo.

Ba ta iya jurewa ba. Ta ce za ta jami'a karɓo takardu, ta hau taksi ta ƙetare gada zuwa Lamorde. Ta samu Sumana a ƙofar gidansu yana wanke moto. Yana ganin idanunta ya saki tsumman.

"Me ya faru? Jikin nasa ne?"

"Sumana, ka je ka ba shi haƙuri."

Ya dube ta kamar bai ji ba. "Haƙurin me?"

"Kana tambayata? Ba ka ga abin da ake yi da shi ba?"

"Na gani, kuma Allah ya sani ban runtsa ba tun ranar. Na je fadar yaran nan na zazzage su. Amma ni da shi babu komai. Ya yi dariya, Balkisa, ke ma kin gani."

"Dariyar dole! Yana da yadda zai yi ne? Tun ranar ko sunanka bai kira ba."

"Ki bar shi. Bagobiri ne, yana can yana dafa min tawa. Na yi wa Kawu Hamidu maganar, ƙanin babana, ya ce kul in kuskura. Ya ce tun kakanni ba a taɓa jin taubashi ya roƙi gafarar wasa ba."

Hawaye suka ɓalle mata. "Kawu Hamidu ba ya kwana a gidanmu. Bai ji abin da Gwaggo ke faɗa ba. Abdoulkarim ya fara zarya, Inna ta daina sa baki, ni kaɗai ce nake kare ka, kuma na gaji, Sumana, wallahi na gaji. Kowa na cewa ba ka da kunya. In ka durƙusa gaban mutane ka ce ka yi kuskure, bakin kowa zai mutu."

"In na ce kuskure ne, na ce ba wasa ba ne ke nan."

"To girman kanka ya fi ni?"

"Haba Balkisa. Haba."

"Ni na sa ka, na sani. Ni na ce ka zo. Yanzu kuma ni nake roƙon ka ka gyara. In har kana so na yadda kake faɗa, kada Juma'ar nan ta wuce."

Ya juya mata baya ya dafa sirdin moto. Ya daɗe a haka. Ita kuwa tana ta shessheƙa, har wata tsohuwa mai wucewa ta tsaya tana ce mata "kala suru", wato ta yi haƙuri. Da ya juyo, idanunsa sun yi ja.

"Zuciyata ba ta kwanta ba," ya ce. "Amma ba zan iya ganin kina kuka a ƙofar gidanmu ba. Zan yi."

Ta share hawaye, har da murmushinta. Ta koma gida tana ganin ta ceto aurenta.

*

Kawu Hamidu ya ƙi raka shi, ya ce ba da shi za a yi wannan abin kunya ba. Sai Sumana ya samu limamin masallacin kartiyen su Alhaji, mutumin kirki ɗan Damagaram, wanda a wurinsa duk mai neman sulhu abin a taimaka masa ne.

Ranar Juma'a, an sallame salla jama'a ba su watse ba, liman ya ce a ɗan dakata. Sumana ya taso cikin farar shadda, ya durƙusa gaban Alhaji Oumarou, kansa a ƙasa. Bai ce Bagobiri ba. Ya ce, "Baba, na ci mutuncinka a gaban jama'a, na jawo maka zagi. Na yi kuskure. Don Allah ka yafe min."

Waɗanda suka halarta sun ce Alhaji ya daɗe yana kallon sa, fuskarsa ta sauya kamar wanda aka yi wa mummunan albishir. Sannan ya ce, "Na yafe maka, Malam Sumana. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Aka shafa fatiha. Mutane suka yi ta yaba hankalin yaron.

Labari ya riga Alhaji isowa gida. Gwaggo Rakiya ta tafa hannu ta ce, "To, ba ga shi ba! Shi da bakinsa ya ce cin mutunci ne. Sai a daina ce mana wasa." Balkisa ta ji wani abu ya tsarga mata, amma ta danne. Ai Baba ya ce ya yafe.

Bayan la'asar ya aiko a kira ta.

Ta same shi zaune a kan darduma, bai cire rigar Juma'a ba. A gefensa akwai ƙullin goro babba cikin ganye, da kwalin dabino, da wata igiya sabuwa irin ta ɗaure akuya. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Matso, Auta."

Ta matso.

"Wa ya ce wa yaron nan ya ba ni haƙuri?"

Muryarsa ba faɗa a ciki, shi ya sa ta ji tsoro. "Ni ce, Baba. Kuma tun farko ni na ce ya zo ya ba ka dariya. Ya ce ba ranar wasa ba ce, na matsa masa. Duk laifina ne, shi ba ruwansa."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali. "Na farkon kin kyauta. Ranar nan da bai zo ba, ina jin da yanzu ana zaman makokina. Duk Talladje babu wanda ya ɗauke ni mai rai sai shi." Ya nuna kayan da ke gefensa. "Kin san na mene ne waɗannan?"

Ta girgiza kai.

"Gobe Asabar na shirya. Na gaya wa abokaina Gobirawa na kasuwa, mun yi hayar mota, har mai kalangu na samu. Da safe za mu ƙetare gada mu dira ƙofar gidansu a Lamorde, gaban Hamidu da duk Zabarmawan layin. In sa masa igiyar nan a wuya in ce, ga bawana da ya gudu na zo kamawa. In ce tunda ya ba ni kujerar madafa, hukuncinsa shi ne na ba shi Bagobira ta mulke shi har ya mutu, shi zai zauna gaban murhun. A raba goro, in tsayar da rana a wurin." Ya yi wani ɗan murmushi mai ciwo. "Kullum ina nan zaune ina tsara maganar a bakina. Na so masu salular nan su ɗauka su yaɗa, Yamai ta ga wanda ya yi dariyar ƙarshe."

Balkisa ta ƙura wa igiyar ido. Motsin bakin da ta gani ta ɗauka baƙin ciki ne, ashe ramuwa yake haddacewa.

"Baba, to ai ba a fasa ba! Gobe ba ta yi ba tukuna. Ku je, don Allah ku je!"

"In je in rama me? Wasa ake ramawa, ɗiyata. Yau a gaban liman, a gaban sahu, ya ce ba wasa ya yi ba, cin mutunci ne. Ni kuma na karɓa na yafe, don ba a mayar da haƙuri a masallaci. In na sa masa igiya gobe, ba taubashi ne ke wasa ba, tsoho ne mai riƙo da ya yafe da baki ya zo ɗaukar fansa."

"To a bar igiyar, a kai goron kawai."

"A ce me? A ce yaro ya tsugunar da Oumarou, ya amsa da bakinsa cewa wulaƙanci ne, sati bai zagayo ba Oumarou ya bi shi har gida da ɗiya da goro? Kujera ta tafi, ban damu ba, dama ta jama'a ce. Abin da ya rage min a kartiyen nan ɗan mutuncin da zan shiga sahu da shi ne. 'Yan'uwana na Tibiri ko ɗaurin auren ba za su zo ba."

Ta rarrafa ta kama ƙafarsa, kuka ya ci ƙarfinta. "Baba, mutane za su manta. Wallahi za su manta. Wani abin zai faru su koma kansa."

"Za su manta," ya ce. Ya ɗora hannu a kanta. "Ni ne ba zan iya ba. Yau na dube shi a durƙushe, na nemi abin tsokana a bakina na rasa. Na ji kaina ina ce masa Malam. Yaron da nake jin muryarsa tun daga bakin asibiti ciwon kaina ya sauka. Kin san ban haifi namiji ba, Auta. Na ɗauka Allah ya ba ni a Lamorde."

Ya share ido da hannun riga, bai ɓoye ba.

"Kada ki ji tsoron zancen Rakiya. Abdoulkarim ko magajin garin Yamai ya zama ba zan ba shi ke ba, ban taɓa yi wa 'ya'yana dole ba. Amma maganar Sumana, a bar ta. Ban ce har abada ba, ban kuma ce ki jira ba, don ban san ranar da zan iya ba. Tashi ki kai wa uwarki goron nan ta rabar a makwabta, kada ya bushe."

Ta ɗauki ƙullin da hannu biyu. Nauyinsa ya ba ta mamaki. Goro ne zaɓaɓɓe, fari da ja, irin wanda ba a saye sai don babbar rana, kuma ta san da kansa ya je kasuwa ya tsaya aka zaɓa masa.

A tsakar gida Hajiya Zuwera ta karɓa ba ta tambaye ta komai ba, ta dai kau da kai tana jan hanci. Ashe ita ta sani. Alhaji ne ya ce kada ta faɗa wa kowa, don kada labari ya ƙetare gada kafin shi.

"Inna, da kin ɗan gaya min," Balkisa ta ce da ƙyar. "Ko da ido ne."

"Ke da kin gaya min za ki Lamorde?"

Hajiya ta kwance ƙullin ta fara kasa goron.

Salularta ta yi ƙara a ɗaki. Ta san ko wane ne tun kafin ta duba. Ta zauna bakin gado ta ɗauka.

"Balkisa? Kin ji labari?" Muryarsa cike da sauƙi, irin ta wanda ya sauke kaya. "Na yi yadda kika ce. Wallahi da ƙyar, amma na yi. Kawu Hamidu ya ƙi amsa gaisuwata, ba komai, zai huce. Ya jikin Bagobirin nawa? Ya ce wani abu?"

Ta toshe baki da mayafi.

"Balkisa, kina ji na? Ya haƙura ko?"

"Ya haƙura, Sumana."

"Alhamdu lillahi! To yaushe zan turo su Kawu maganar rana?"

Ta rufe ido, hawaye na zuba a kan cinyarta.

"Gobe ya so ya zo da kansa," ta ce. "Har goro ya saya. Ni na hana shi, Sumana. Ni na hana mu."